Darasi na Tara: Kafin a Ce Moto Ya Ƙone

Daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin rana a Yola da Jimeta yakan haura digiri 40, kuma da yake garuruwan biyu a kwarin Binuwai suke, daren ma ba ya kawo wani sauƙi. A wannan tsakanin babu kayan gida da ake ji da shi irin fanka mai caji, kuma a lokacin ne ta fi tsayawa. Wanda ya zaga teburan masu gyaran kayan lantarki a kewayen Kasuwar Jimeta cikin watan Afrilu zai ga fankoki jibge, wasu ba murfi, wasu ba fukafukai, ga injinan aski da motocin wasan yara a gefe. Kusan duk wanda ya kawo nasa, maganarsa ɗaya ce: moto ya ƙone.

Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa moton lafiyarsa lau. Ko dai wuta ba ta kai gare shi ba, ko ta kai amma wani abu ya riƙe shi. Mai gyaran da ya ɗauki maganar mai kaya ba tare da ya gwada ba zai sayo sabon moto ya ɗaura, fanka ta ƙi tashi, ya yi asarar kuɗi da yini guda, mai kaya kuma ya kai labarinsa unguwa. A darasin da ya wuce mun koyi riƙe mita, da auna bolt, da gane ko waya a haɗe take ko a tsinke. Yau da ita za mu yi aiki. Ƙa'idar ɗaya ce: a bi wuta daga inda ta taso har zuwa moto, kuma kada a canja komai sai mita ta nuna shi ne mai laifi.

Abin da ke cikin moto

Ku samo moton tsohuwar rediyo mai kaset, ko na motar wasa irin wadda ake saya wa yara da Sallah, ku buɗe. A jikin gwangwanin daga ciki akwai maganaɗisu guda biyu suna fuskantar juna. A tsakiya akwai sandar da ke juyawa, ɗauke da ƙarfe mai hannu uku, kowane hannu an naɗe shi da siririyar wayar jan ƙarfe. Naɗin shi ne kwayil, dukan abin da ke juyawar kuma masu gyara suna ce masa ameca. A ƙarshen sandar akwai wani ɗan zobe na jan ƙarfe da aka tsaga gida uku. Sai burushi guda biyu a jikin murfi, na kabon ko na siririn ƙarfe, waɗanda ke gogar zoben.

Wuta tana shiga ta burushi ɗaya, ta hau zoben, ta ratsa kwayil, ta fita ta ɗayan. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta takan zama maganaɗisu na ɗan lokaci, sai maganaɗisun gwangwani su ja ta gefe ɗaya, su ture ta ɗaya gefen. Da amecar ta juya, tsagar zoben ta wuce burushi, sai wutar ta sauya hanya a cikin kwayil, ja da turi su sake farawa. Shi ke nan sirrin. A 1821 ne Michael Faraday ya fara nuna wa mutane a Landan cewa wutar batir da maganaɗisu za su iya juya waya. Kamfanin Mabuchi na Japan, wanda aka kafa a 1954, da ƙananan motocin kayan wasa ya yi suna, kuma har yau fasalinsu bai canja sosai ba.

Ku lura da wuri ɗaya: inda burushi ke gogar zobe. Nan ne kaɗai wuta ke tsallakawa daga abin da ke tsaye zuwa abin da ke gudu, saboda haka nan ne datti da lalacewa suka fi taruwa. Ku kuma riƙe cewa idan aka juya wayoyin batir, moton zai juya baya. Fankar da aka gyara ta koma tura iska ta baya, wayoyinta aka sauya, ba aljanu ba ne.

Akwai mutanen da suka ƙware sosai a kan irin waɗannan ƙananan motoci, su ne masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa. Mu a Adamawa ko babban layin dogo ba mu da shi, domin wanda ya tashi daga Kuru ya bi ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 bai biyo ta Yola ba. Amma a Jamus da Ingila da Amurka da Japan za ku tarar da dattijo da furfurarsa ya shimfiɗa layin dogo a kan tebur, da tasha da gada da gidaje, yawanci an rage girman komai sau 87. Mafi girman irin wannan shimfiɗa tana birnin Hamburg na Jamus, a gidan kallon Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001. Ƙaramin moto ne ke karkata layi a mararraba, shi ke ɗaga shingen da ke tsayar da motoci, shi ke juya faifan da ake juya kan jirgi, duk da wutar da ba ta wuce bolt 12 zuwa 16 ba. Da yake motocin a ƙarƙashin tebur suke, kwance su kuma wahala ne, dole ta sa masu wannan sha'awa suka saba da duba wuta da waya da makunni tukuna, moto a ƙarshe. Wannan tsarin ne za mu bi.

Tambaya, kunne da hanci

Kafin sukudireba ta taɓa kaya, a tambayi mai shi. Malam, yaya aka yi ta tsaya? Lokaci ɗaya ta ɗauke, ko a hankali ta riƙa rage gudu? Hajiya, ta faɗi ne? Ruwa ya taɓa ta? Da wace caja ake saka ta, tata ko ta aro? Yaushe rabon da a yi mata caji? Sannan tambayar da mutane ba sa son amsawa: wani ya riga ya buɗe ta? A yi ta cikin ladabi, amma a yi ta.

Amsoshin nan rabin bincike ne. Abin da ya riƙa rauni a hankali, batir ne ko datti. Abin da ya ɗauke lokaci ɗaya, waya ce ko fiyus ko makunni. Abin da ya faɗi, a nemi liƙin da ya saki ko sandar da ta lanƙwashe.

Daga nan a kashe ta, a juya fukafukan da yatsa. In sun juya sumul suka ɗan yi gudu kafin su tsaya, to babu abin da ya riƙe su. In sun cije, ko suna ƙugi, matsalar ta juyawa ce, ba ta wuta ba. A kunna a kasa kunne: shiru ƙwarai yana nufin wuta ba ta isa ba, gurnani ba juyawa kuwa yana nufin ta isa amma ƙarfi ya kasa, kuma a irin wannan hali a kashe da sauri, domin moton da aka riƙe yana shan wuta ninkin-ba-ninkin, a nan ne yake ƙonewa da gaske. A ƙarshe a kai hanci kusa da ramukan moton. Ƙaurin kwayil da ya ƙone ba ya ɓuya, wanda ya shaƙe shi sau ɗaya ba zai manta ba.

Batir, babban wanda ake zargi

Idan aka murɗa famfo ruwa bai zo ba, mai hankali tanki yake fara leƙawa, ba ya fara da fasa kan famfon. Batir shi ne tankin, kuma a ganina shi ke da alhakin mafi yawan fankokin da ake yi wa ƙazafin ƙonewa.

Yawancin fankoki masu caji suna ɗauke da batirin dalma, baƙin nan mai kusurwa huɗu, wanda aka rubuta 6V 4.5Ah a jikinsa, manya kuma 12V 7Ah. Batir mai bolt 6 idan ya cika zai nuna 6.3 zuwa 6.4 a mita. Mai bolt 12 zai nuna 12.6 zuwa 12.7, idan kuma ya sauka zuwa 10.5 to babu sauran komai a cikinsa. Amma ga inda sababbin masu gyara ke ruɗewa: mataccen batir yana iya nuna 6.2 idan ba abin da ke jan wuta daga gare shi. Don haka awo biyu ake yi. A ɗora bakin mita a kan batir a karanta, sannan ba tare da an ɗaga ba, a kunna fankar a sake karantawa. Lafiyayyen batir zai ɗan sauka kaɗan ya tsaya. Wanda ya mutu zai zube zuwa bolt 4 ko 3 nan take. Awo na biyun shi ne mai faɗin gaskiya.

Me ke kashe su? A garin nan abu biyu ne. Na farko hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu mai neman fanka, sai a tura ta ƙarƙashin gado ko saman kabad, yawanci da batirinta a ƙare. Batirin dalma kuwa ba ya jure zama a ƙare. Wani farin gishiri yakan taru ya daskare a jikin farantansa na ciki, idan ya kwana watanni a haka caji ba ya narkar da shi. Ranar da zafi ya dawo aka jawo fanka, sai ta yi minti biyar ta tsaya. Maganin bai kai kuɗin kati ba: a yi mata caji ta cika kafin a ajiye, a kuma sake saka ta sau ɗaya a wata ko da ba a amfani da ita. Ku gaya wa duk wanda kuka canja wa batir wannan. Kada ku ji tsoron zai rage muku ciniki, wanda kuka faɗa wa gaskiya shi zai turo muku maƙwabcinsa.

Na biyu zafi. Masu ƙera batirin dalma suna auna ƙarkonsa ne a kan digiri 25, kuma sananniyar ƙa'ida ce cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan haka yana raba kwanakinsa biyu. Ku kwatanta da ɗakin kwano a Jambutu ko Doubeli da azahar a watan Afrilu. Batirin da zai yi shekaru a ƙasar sanyi, a nan ba zai kai ba, kuma ba lallai jabu ne ba.

Ƙananan fankokin hannu da injinan aski na zamani batirin litiyom suke amfani da shi, galibi mai lamba 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. An rubuta masa bolt 3.7, idan ya cika yana kai 4.2. Wanda ya sauka ƙasa da 2.5, ko ya kumbura, ko rigarsa ta yage, a cire shi, kada a yi ƙoƙarin farfaɗo da shi. Kada a huda shi, kada a ɗora masa ayon ɗin liƙi mai zafi, kada a jefa shi cikin bolar da ake ƙonawa, domin yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kuma kada a cire batirin dalma a sa na litiyom a bar tsohuwar cajar. Kowane da irin cajinsa.

Tsakanin batir da moto

Batir yana iya zama lafiyayye amma a ƙare, saboda caji ba ya shiga. A saka caja, a auna kan batirin. Lambar ta kamata ta haura abin da ta nuna a dā, mai bolt 6 ya doshi 7. In ba ta motsa ba, a duba cajar, da ramin da ake soka ta, wanda yawan sokawa da zarewa ke sa liƙinsa ya tsage. Fitilar caji ta kama ba hujja ba ce, fitila ba ta cin wutar kirki.

A nan sai an yi hattara. Wasu fankokin wayar Nepa kai tsaye take shiga fanel ɗinsu, wato allon kayan wutar da ke cikinsu, bolt 230 ke nan a wani ɓangare nasa. Bolt 6 ko 12 ba ya jan mutum, amma 230 yana kisa. A zare daga soket kafin a sa hannu, a kuma tuna cewa kafasito yana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an zare.

Sauran aikin na haƙuri ne. A cire waya ɗaya daga batir, a mayar da mita wurin da take ƙara idan hanya a haɗe take, a bi fiyus, a bi makunni, a bi kowace waya daga kai zuwa kai. Wurin da ya fi tsinkewa shi ne wuyan fanka, inda take waiwaye dama da hagu, domin wayar tana lanƙwasa dubban sau har ta karye a cikin robarta, daga waje kuma ba a ganin komai. A riƙa motsa ta yayin da ake aunawa, in ƙarar mita tana yankewa, an kama ɓarawo. Makunni kuwa ƙurar hunturu ce abokiyar gabarsa. A ɗiga masa sifirit, a kunna a kashe sau da yawa, a bari ya bushe. Fiyus da ya tsinke a sa mai lambarsa, kada a naɗa masa waya, kuma a tambayi kai dalilin tsinkewarsa.

Idan za a yi liƙi, a yi shi a inda iska ke shiga, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, kuma kada a riƙe wayar liƙi da haƙori. Akwai dalma a cikinta, kamar yadda take cike da tsofaffin batura. Gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Kada a fasa tsohon batir a tsakar gida, kada a bar wa yara shi su yi wasa. A tara a sayar wa masu sayen tsofaffin batura.

Yanzu moto

Gwaji mafi sauƙi shi ne a cire wayoyin moton biyu daga fanel, a taɓa su a kan lafiyayyen batir mai bolt daidai da nasa. In ya tashi da ƙarfinsa, ya kuɓuta daga zargi, a koma baya a ci gaba da nema. In batir da waya da makunni duk sun fita, saura fanel, wanda darasi na gaba zai yi magana a kansa. Wannan gwaji na moto mai waya biyu ne. Yawancin sababbin fankokin sola suna da moto marar burushi, mai waya uku ko fiye, wanda fanel ne ke sauya masa wuta. Shi ba a haɗa shi da batir kai tsaye.

In bai tashi ba, ko sai an tura shi da yatsa, a mayar da mita wurin auna om, a ɗora a kan bakinsa biyu, a juya sandar a hankali ƙwarai. Ƙaramin moto lafiyayye zai nuna om kaɗan, lambar tana ɗan rawa amma ba ta ɓacewa. Idan a wani wuri ta ɓace gaba ɗaya sannan ta dawo, to ko datti ya rufe gida ɗaya na zoben, ko wayar kwayil ɗaya ta saki. Wannan shi ne bayanin fankar da yau ta tashi gobe ta ƙi: ya danganta da inda amecar ta tsaya jiya. Idan babu lamba ko'ina, burushi ya cinye ko ya karye. Akwai kuma wata 'yar dabara: a mayar da mita wurin bolt, a murza sandar da yatsu. In lamba ta bayyana, moton ya zama ɗan janareta, alamar maganaɗisu da kwayil suna raye.

Kafin a buɗe, a ja layi da maka daga murfi zuwa gwangwani, don a mayar da shi yadda yake. A miƙe 'yan kunnuwan ƙarfen da suka riƙe murfin, a zare shi a hankali kada burushi ya lanƙwashe. Zoben da ya kamata ya yi jan ƙyalli za ku same shi baƙi ƙirin. A goge da tsumma mai sifirit. In baƙin ya ƙi fita, a bi shi da samfefa mafi laushi, kaɗan kawai. Sannan a sa tsinken sakace a share tsagogin nan uku, domin garin kabon da ke cika su yana haɗa gida da gida, moto ya riƙa zafi yana cinye batir. A duba inda wayoyin kwayil suka kama zoben, wanda ya saki a liƙe shi. Burushin kabon da ya cinye ana samun madadinsa a jikin wani mataccen moto, shi ya sa mai gyara ba ya zubar da gawa, akwati yake nema mata.

Sai mai. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane bushin, inda sandar ke ratsawa, ya wadatar. Ban da man gyaɗa, ban da manja, ban da baƙin mai. Man girki yana yin aiki na 'yan kwanaki, sannan ya yi danƙo ya haɗu da ƙura ya riƙe sandar fiye da dā. Kuma ko ɗigo kada ya taɓa zobe ko burushi. Kafin ma a kai ga mai, a duba bayan fukafukai: gashi da zare da suka naɗe sanda sun tsayar da fankoki masu yawa, musamman a shagunan aski da na tela.

Idan moto yana juyawa amma abin da ya kamata ya motsa bai motsa ba, fanka ba ta waiwaye ko motar yaro tana kuka a tsaye, to giya ce. Haƙoranta na roba ne, sukan cinye, ƙaramar da ke kan sanda kuma takan tsage ta riƙa zamewa. A wanke tsohon giris da ya bushe, a duba haƙora ɗaya bayan ɗaya a cikin haske, a sa sabon giris kaɗan. A gaya wa mai fanka ya daina murɗa kanta da hannu tana cikin waiwaye.

Masu aiki da wutar Nepa

Fankar sama da ta tsaye masu aiki da wutar Nepa ba su da burushi. Idan irinsu na gurnani sai an tura, ko gudunsu ya ragu alhali suna juyawa sumul da hannu, kafasito ake fara zargi. A sa mai lamba daidai da wanda aka cire, na fankar sama galibi 2.5 ne. A cikin naɗin yawancin fankokin tsaye akwai ɗan fiyus da ke tsinkewa idan zafi ya yi yawa. Wasu sukan tsallake shi da waya. Kada ku yi, shi ne ke tsakanin mai gida da gobara. Injin aski mai waya, irin mai kakkarwa, ba shi da abin da ke juyawa sam, kuma ƙararsa da babban sukurun da ke gefensa ake daidaita ta. Wanda aka aiko daga Amurka kuwa a karanta jikinsa tukuna, domin wutarsu bolt 120 ce. In aka soka shi a tamu ba tare da taransifoma ba, wannan kam zai ƙone.

Mazauna bakin Binuwai sun san abin da ambaliyar 2012 da ta 2022 suka yi wa kayan gida. Na'urar da ruwa ya shiga, kunna ta ne ke ƙarasa ta. A cire batir nan take, a buɗe, a ɗauraye laka da ruwa mai tsabta, a shanya kwanaki har ta bushe sarai, a sa mai a bushin, sannan a gwada.

Idan da gaske ya ƙone

Alamunsa ba sa ɓuya: ƙauri, kwayil da ya koma baƙi, robar murfi da ta narke, moto da ke zafi cikin daƙiƙu yana jan wuta ba ƙarfi. Ƙaramin moto ba a sake masa naɗi, wahalar ta fi kuɗinsa. Babba, irin na fankar sama ko injin ruwa, a kai wa masu naɗin kwayil, sana'arsu ce. Wajen sayen madadi a tafi da tsohon a hannu, a dace da bolt, da kaurin sanda da tsawonta, da ramukan sukuru. Lambobi irin 130, 385, 550 da 775 da ake kiran motocin da su girman gwangwani suke nunawa, ba bolt ba, don haka biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta a wuta. Kafin a ɗaura sabo a gano abin da ya kashe tsohon, ko sandar da ta cije, ko cajar da ta fi ƙarfinsa, in ba haka ba sabon ma zai bi shi. A kuma miƙa wa mai kaya abin da aka cire ya gani da idonsa.

Aikin gida

Kowa ya nemo na'ura ɗaya mai moto da aka fid da rai da ita, a gidansa ko a maƙwabta, mai aiki da batir kawai, ban da ta Nepa. Ku rubuta abin da mai ita ya ce ya same ta, da abin da batir ya nuna a kashe da kuma a kunne, da abin da moton ya yi da aka ba shi wuta kai tsaye. Sannan ku amsa a littafinku: me ya sa batir zai nuna bolt 6.2 amma ya kasa juya fanka, kuma me za ku fara dubawa a fankar da sai an tura ta take tashi? Wanda ba shi da mita ya haɗu da abokin karatunsa su yi tare. Ku zo da na'urar aji mako mai zuwa, ko ta gyaru ko ba ta gyaru ba, da sukurorinta a ƙulle cikin leda.